Inuwa Biyar a Bakin Tafki

"Kin goge shi," ya ce.

Ba tambaya ba ce. Wayata ce a hannunsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu yana kallon gefen da Yaya yake tsaye a da. Fuskoki da kafaɗu kawai na ɗauko masa daga jikin zanen iyalinmu da nake yi, amma sun isa. Inda Yaya yake, yanzu babu komai sai wani tulin ganye da na dasa da buroshi jiya da rana.

Na ce masa ba gogewa ba ce, rufewa ce, fentin mai ba ya goguwa haka kawai. Ya ɗago ya yi min irin kallon da yake yi wa mutumin da ya zo ɗaukar hoton fasfo ya ƙi cire baƙin tabarau.

"Malama, yau ba lacca nake so ba."

Malama yake ce min idan zai tsokane ni, don a cewarsa ba a tambayata ƙarfe nawa ban yi jawabi a kan yadda muke wasa da lokaci ba. Ni kuma Mai Hoto nake ce masa, kamar kowa a unguwa, tun ina sakandare yana zuwa gidanmu wajen Yaya da kyamara rataye a wuya. Wata uku ke nan da ya je gaban Abba ya nemi aurena. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai shekaranjiya ya ce zai ba shi amsa ranar da za a rataye zanen a falo.

Ranar Asabar ke nan. Saura kwana biyar.

Muna tsaye a shagonsa tsakanin farar lemar haske da labulen da mutane ke tsayawa a gabansa. Na fara magana da sauri, kamar yadda nake yi duk lokacin da na san ba ni da gaskiya. Na ce Abba ne ya ce a cire Yaya. Na ce shekara huɗu kowa ya kama bakinsa, Umma, ƙannen Abba, abokansa na ofis, har shi kansa Mai Hoto, yanzu kuma ni ce za a tura gaba in zama jaruma a makon da rayuwata take rataye? Na ce idan an ɗaura, idan hankali ya kwanta, zan san yadda zan lallaɓa Abba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ajiye wayar a kan tebur, a hankali, kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Ni na ɗauki hoton nan, masoyiya. Mutum biyar na ƙirga kafin in danna. Ba na so a saye ni da yayanki."

"To me kake so in yi? In rasa ka?"

"Ban sani ba..." Ya shafa kansa. "Abin da na sani, idan Abba ya tambaye ni ranar Asabar ko har yanzu ina zuwa wajensa, zan ce e. Jiya ma tare muka ci abinci."

Na ce ya rufa min asiri ya yi shiru na rana ɗaya, rana ɗaya tak. Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce ashe Malama ma ta iya wa'azin shiru.

Na ɗauki wayata na fita ban yi sallama ba. Har na kai bakin titi ina jiran ya biyo ni. Bai biyo ni ba.

Abba ma'aikacin awon filaye ne. Shekara talatin da biyar yana yawo da tef da sanduna, a wannan watan ya yi ritaya. Yaya, ɗansa ɗaya namiji, karatun awon filaye ya shiga shi ma, kuma Abba ba ya zama da baƙo minti goma bai faɗa masa haka ba. A shekarar ƙarshe Yaya ya daina shiga aji. Ya samu wani lambu da ake rainon shuke-shuke, zuciyarsa ta koma can. Shekara guda cur yana fita da jakar littattafai da safe, ya dawo da yamma ya wanke ƙasar da ke farcensa a famfon waje.

Bai faɗa ba. Kullum yana cewa gobe.

Ranar yaye ɗalibai Abba ya sa farar rigarsa, ya gayyaci abokan aikinsa biyu, suka zauna a zauren taro awa uku ana kiran sunaye. Aka kira na ƙarshe, aka tafa, aka tashi.

Ban ce Yaya bai yi laifi ba. Ya yi, kuma na faɗa masa ido da ido cewa abin da ya yi ragwanci ne. Amma shekara huɗu! Ba a ambatar sunansa a gidan. An kwashe takalmansa daga bakin ƙofa, an rage kujera ɗaya a teburin cin abinci. Kaka ta rasu bara, Yaya ya zo jana'iza ya tsaya daga nesa, Abba ya wuce shi kamar sandar lantarki. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce haƙuri, a bari lokaci ya gyara. Lokaci bai taɓa gyara ko famfon da ke zuba ba, ban ga yadda zai gyara uba da ɗa ba. A gidanmu haƙuri murfi ne, a kifa shi a kan tukunya a zauna a kai, a yi ta murmushi wa baƙi. Na tsani wannan. Na faɗa a falo, na faɗa a kicin, har Umma take cewa karatun zane aka tura ni ko na lauya?

Ga ni yau na kifa nawa murfin, da launin kore.

Umma ce ta nemi zanen, kyautar ritayar Abba. Ta kawo min hoto ɗaya da ta ɓoye a cikin akwatin kayanta: mu biyar a bakin tafki, shekara shida da suka wuce, rana ta yi ƙasa. Kaka a kan kujerar roba ta riƙe sandarta kamar mai shirin dukan wanda ya motsa, Umma a bayanta, ni a gefe ina hararar iska, Abba da farar riga, Yaya dab da shi da jar riga yana dariya. Shi ne kaɗai hoton da ya haɗa mu duka.

Wata biyu na yi a gareji, wanda na mayar ɗakin aikina. Zana mutane a fili daga hoto ba kwafa ba ne, duk da haka mutane suke zato. Kyamara tana baƙanta inuwa ta cinye abin da ke cikinta, tana ƙone sararin sama ya zama fari fat. Sau uku na koma bakin tafkin da la'asar da littafina, don in ga launin ruwan da idona. Kullum ina cika wa mutanen gidan kunne cewa hoto madogara ce kawai, wanda yake son gaskiya ya je ya tsaya a gaban abin. Kuma akwai tsarin da malaminmu ya dasa mana a ka: sama da farko, sai ruwa, sai ciyawa, sai a shimfiɗa inuwar kowa a ƙasa, sannan a tsayar da mutum a kanta. Wanda aka zana kafin inuwarsa, sai ya zama kamar an yanko shi da almakashi an manna.

Haka na yi. Kaka ta fito har da ƙyaftawar idonta, Umma ta gan ta ta fita tana share hawaye. Yaya ne na ƙarshe, kuma shi ya fi kowa kyau, don na san dariyar nan ba sai na duba hoto ba.

Ranar Asabar da ta wuce Abba ya shigo gareji neman tocila. Ya tsaya a bayana. Ina jin numfashinsa.

"Mamana," ya ce, don sunan Kaka aka sa min. "Aikin ya yi kyau. Amma mutum huɗu za a rataye a falona."

Na buɗe baki, duk jawaban shekara huɗu suka taso min. Kafin in furta ko ɗaya ya ƙara da cewa, cikin muryar da yake tambayar ko an kulle ƙofa, yaron nan mai hoto ya zo Asabar mai zuwa ya taya ratayewa, a nan zai ji amsarsa. Ya ɗauki tocilar ya fita.

Bai haɗa maganganun biyu ba. Ba ya bukata.

Washegari na matso kore da ruwan ƙasa, na fara daga jar rigar. Fuskar ce ta ƙarshe. Ban iya kallon abin da nake yi ba sosai, idona a cike yake. Da na gama ban ja da baya na duba zanen gaba ɗaya ba kamar yadda aka koya min. Na jingina shi ya fuskanci bango.

Ranar Talata Mai Hoto bai kira ba. Na rubuta masa saƙo sau huɗu ina gogewa. Duk motsin waya sai zuciyata ta tsinke, in duba in ga tallan kamfanin layi ne.

Da rana Umma ta shigo da shayi, ta ce in juyo mata da zanen. Ta daɗe a tsaye. Idonta ya je kan tulin ganyen, ya sauko ƙasa, ya tsaya, ya sake hawa. Sannan ta ce ya yi kyau.

Nan na fashe. Na ce ya yi kyau? An binne ɗanki a ciyawa kina cewa ya yi kyau? Na ce da ta buɗe baki tun shekarar farko da ba mu kai nan ba, da ba a sa ni zaɓe tsakanin ɗan uwana da wanda nake so ba. Na ce shirunta ne ya raini fushin Abba har ya yi ƙiba. Na faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba, ina sane, na kasa tsayawa.

Umma ta ajiye kofin a kan teburin fenti, ta matsar da gwangwanin man wanke buroshi don kada in haɗa su.

"Kin gama? To ki saurara. Kada ki ƙara taɓa zanen nan. Ko ɗigo. Ciyawar ta yi daidai yadda take. Ranar Juma'a da kaina zan kai shi wajen mai firam, a naɗe shi a takarda, kada a buɗe sai a gaban mahaifinki."

Ta ɗauki tsohon zanin gado ta yafa masa da hannunta. Na bi ta da kallo, raina na tafasa. Na ce a raina, wannan matar ko gida ne ke ci da wuta sai ta fara gyara labule.

Ranar Laraba na hau mota zuwa bayan gari, wajen Yaya.

Lambun nasa ya girma. Layi-layi na baƙaƙen ledoji da ƙananan itatuwa, rumfar raga, tiyo yana zubar da ruwa a rami. Na same shi a tsugune yana ɗaure reshe a jikin reshe. Ya rame, ya yi duhu, ya tara gemu, ga wani tabo a bayan hannunsa da ban san lokacin da ya samu ba. Sai a lokacin na lura cewa wanda na zana, kuma na rufe, yaro ne da ba ya nan tun tuni.

Na nuna masa hoton a waya. Na shirya ya yi fushi, na ma so ya yi.

Ya ƙura ido, ya karkata kai, ya tambaye ni wace irin bishiya ce wannan. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma shekara biyar yana wannan sana'a. Ganyen na lemo ne, reshen na gwaiba, tsayin na mutum. Ya ce in na samu irinta in kawo masa, zai yi suna.

"Yaya, ba wasa na zo ba."

"Na sani, ƙanwata." Ya goge hannu a wando. "Ki bar ni a cikin ganyen, ai sana'ata ce. Ki auri dogon nan kafin ya tsufa yana jira. Ni na jawo wa kaina."

Na ce ya zo ya ba Abba haƙuri mana, sau nawa zan faɗa? Ya ce ya je sau uku a shekarar farko, an bar shi a bakin ƙofa. Wasiƙu biyu ya rubuta, suka dawo ba a buɗe ba. Ban taɓa sanin wannan ba. Ya murza ƙasa a yatsunsa, sannan ya tambaye ni ko har yanzu gwiwar Abba na damunsa idan zai hau matakala.

A mota na yi kuka har mai karɓar kuɗin mota ya daina kallona. Na yanke shawara zan koma in kankare ganyen. Kafin mu iso tasha na warware. Na sake yankewa a bakin ƙofar gida. Na shiga gareji na ga zanin gadon Umma a yafe, na tuna fuskar Mai Hoto, na tuna yadda Abba yake furta a'a sau ɗaya bai taɓa maimaitawa ba, sai hannuna ya mutu.

Ranar Juma'a da yamma saƙo ɗaya ya shigo: "Gobe ƙarfe huɗu. Zan zo da guduma. Ina sonki, ko da kin zama mai lambu."

Na karanta ya fi sau ashirin, ina neman inda ya ce ya fasa faɗin gaskiya. Babu.

Ƙarfe huɗu saura minti biyar ya yi sallama, da riga mai guga da guduma a hannu, kamar wanda ya rasa tsakanin neman aure da gyaran rufi. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma. Ni ko kallona bai yi ba, kuma na gode masa, don da ya kalle ni da na zube.

Abba ba ya rataye ko kalanda da ido. Ya fito da tsohon tef ɗinsa na aiki da fensir, ya auna bangon daga dama, ya auna daga hagu, ya yi ɗigo. Mai Hoto ya buga ƙusa, Abba ya ce ta karkace, ya cire ya sake. Umma ta warware takardar. Suka ɗaga firam ɗin su biyu suka rataye.

Abba ya ja da baya taku huɗu, hannayensa a baya.

Ni ma a lokacin na fara ganin zanen daga nesa tun ranar Lahadi. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya faɗa a kansa. Ruwan ya fito, sararin sama ya fito, Kaka kamar za ta yi magana. Idona ya sauko kan ciyawar gaba.

Sai na gani.

Abba ya ɗaga yatsa. Yana ƙirgawa, leɓensa na motsi, yadda yake ƙirga sandunan iyaka.

"Mutum huɗu," ya ce. "Inuwa biyar."

Tana nan kwance a ciyawa, doguwa, dab da ta Abba, da kai da kafaɗu da gwiwar hannu ɗaya a buɗe. Ta fito daga gindin tulin ganyen ta miƙe har kusan bakin firam. Na rufe mutumin, na manta abin da na fara shimfiɗawa kafin in tsayar da shi.

Mai Hoto yana riƙe da gudumar a ƙirjinsa.

"Da gangan ne, Mamana?"

"A'a, Abba. Wallahi kuskure ne."

"To kuskure ana gyara shi. Minti nawa zai ɗauke ki?"

"Goma..."

"Ɗauko buroshinki."

Minti goma. Kore kaɗan, rawaya kaɗan, shi ke nan, a zauna a sha shayi, Abba ya ba da amsa. Ƙafata har ta juya wajen ƙofa. Na dubi Mai Hoto, ya sunkuyar da kai, bai ce in yi ba, bai ce kada in yi ba. Na tuna gwiwar Abba da matakala, da wanda ya tambaya.

Duk jawabaina na shekara huɗu suka gudu suka bar ni. Abin da ya fito ɗan guntu ne.

"Abba, ka yafe min. Ba zan iya ba. Na rufe shi sau ɗaya don ina tsoron amsarka, kwana shida ban ji daɗin raina ba. Ba zan ƙara ba."

"Ko da amsar ta canja?"

Na ce, ko da ta canja.

Abba ya juya wajen Mai Hoto ya tambaye shi ko shi ya kitsa min wannan. Ya ce a'a, amma tunda an zo nan, gara Abba ya ji daga bakinsa: har yanzu yana zuwa wajen abokinsa, kuma ba zai daina ba. Ya faɗa da ladabi, idonsa a ƙasa.

Na rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, mun ƙarasa kanmu mu biyu a rana ɗaya.

Ba a yi tsawa ba. Da na buɗe ido Abba ya matsa dab da zanen, ya sa tabarau. Yana kallon hannun farar rigarsa, gefen da ke kusa da ganyen, inda wani ja mai laushi ya kwanta a cikin farin. Ya tambaya ko wannan ma kuskure ne.

Na ce masa hasken jar rigar ne ya faɗo a kan tasa. Haka abin yake a fili, duk wanda ya tsaya kusa da kai sai launinsa ya taɓa ka. Na ce in har zan cire wannan, sai dai in sake zana Abba gaba ɗaya.

Ya zaro tef ɗin daga aljihu. Ya ɗora bakinsa a kan zanen, ya auna inuwarsa daga ƙafa zuwa kai. Ya auna ta biyar ɗin. Ya sake aunawa, don Abba ba ya yarda da awo ɗaya.

"Yana ɗan shekara tara na koya masa auna tsayin bishiya da inuwarta," ya ce, ba da kowa yake ba. "A bakin tafkin nan." Ya dubi lambar da ke ƙarƙashin babban yatsansa. "Ya fi ni tsayi. Yaushe ya fi ni tsayi?"

Tef ɗin ya kuɓuce ya naɗe kansa da ƙara. Abba ya nemi kujera da hannu kamar makaho, Umma ta tura masa. Ya cire tabarau ya riƙe, ya daɗe yana goge shi da gefen riga, gilashin da babu komai a kansa.

Can ya tambayi Mai Hoto, ba tare da ya ɗago ba, ko yana da hoton Yaya na yanzu. Mai Hoto ya fara laluben waya. Abba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

"Bar shi. Wannan yarinyar wata biyu tana cika mana kunne cewa hoto madogara ce kawai, mai son gaskiya ya je ya tsaya a gaban abin." Ya mayar da tabarau. "Ka gaya masa gobe da la'asar, bakin tafki, inda muka tsaya. Ya zo ya tsaya a kan inuwarsa. Ban ce na huce ba. Akwai magana tsakanina da shi, mai tsawo."

"To, Abba."

"Ka zo da kyamararka. Kuma ka nemo wanda zai riƙe maka ita."

Mai Hoto ya ce ai shi zai ɗauka, ba ya ba kowa kyamararsa, mutane ba su iya saita haske ba. Umma ta rufe baki da gefen mayafi. Abba ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake wa sabon ma'aikacin da ya riƙe tef a juye.

"Ɗana, wanda yake cikin hoto ba ya ɗaukar hoto. Ka zo da mahaifinka ma, in gan shi."

Gudumar ta faɗi a kan kafet, da kaɗan ta kuskure ƙafarsa. Ni kuwa na durƙushe a gaban Abba na kifa kaina a gwiwarsa, mai ciwon, ya ce wayyo, Mamana, ɗayar, ɗayar. Ina kuka ina dariya na koma ɗayar.

Mu biyu muka sauke zanen muka nufi gareji da shi, shi a gaba ni a baya. Ya waiwayo ta saman firam ya ce Malama, laccar yau ita ce mafi gajarta, kuma ita ce kaɗai ya haddace. Na ce ya kalli gabansa kafin ya fasa min aikin wata biyu.

Umma ce ta riƙe mana ƙofa. Da zanen ya zo wucewa ta gabanta, idonta ya sauka kan ciyawar, daidai inda ya tsaya ranar Talata. Sai na tuna zanin gadon, da takardar mai firam, da ko ɗigo.

"Umma... kin gani tun ranar?"

Ta gyara mayafinta.

"Ni me na sani a zane? Ku yi a hankali da ƙofar."

Na jingina zanen a gareji, fuskarsa a waje wannan karon. Na ɗauki wuƙar fenti na fara kankare ganyen daga sama. A ƙarƙashin koren, jan yana nan bai tafi ko'ina ba. A gefen dama kuma, kusa da inda nake tsaye ina hararar iska, akwai fili a ciyawa da zai ɗauki inuwar dogon mutum ɗaya.